Kunnen Baba Ɗanladi

Shekara ashirin da shida Baba Ɗanladi ya yi yana kula da tukunyar tururi a wata masaƙa da ke Kakuri. Bai damu da agogon awo ba. Sai ya ɗora bakin sifana a jikin bututu, ya kara gindinta a kunne. In bututu ya yi kuka, ya sassauta masa ya huce. In ya yi shiru, ya ƙyale shi.

Soja suka koma bariki, farar hula suka hau, ba a jima ba aka garƙame masaƙar. Ciyawa ta cinye harabarta, jemagu suka tare a rufin.

Amma shi bai daina jin ta ba. Da rana tsaka yana zaune a ƙofar gidansa a Makera, sai ya ji dif, dif, dif, da wani siririn huci a bayansa. Ya je ya leƙa ta katangar masaƙar, ba kowa sai ƙadangaru. Ya tambayi maƙwabta, suka dubi juna.

Yohanna, tsohon malamin asibitin masaƙar da yanzu yake da kemis, ya ɗaura masa abin awo a dantse.

"Baba, injin nan a cikinka yake. Hawan jini ne. Jijiya mai lafiya tana buɗewa duk bugun zuciya, ta koma. Taka ta sha matsi har ta fara ƙandarewa. Ga ƙwaya, kullum ɗaya, ko ka ji ƙara ko ba ka ji ba."

"Kai Yohanna, ni za ka koya wa bututu? Kana goye na fara."

"Wancan ƙarfe ne, Baba. In wannan ya fashe ba mai walda."

Ya sha ƙwayar kwana tara, ƙarar ta ɗauke. Ya ce ai ya huce, ba a taɓa bututun da ya yi shiru. Ya tura sauran ƙarƙashin katifa.

Wata biyu ba dif ba huci, har ya fara kewarsu.

Wata Laraba da hantsi matarsa ta miƙa masa koko ta koma madafa. Kofin ya sulale ya faɗi. Ya zuba wa hannunsa na dama ido, yana kwance a cinyarsa kamar wani ne ya manta shi a wurin. Ya buɗe baki zai kira ta. Sunan da ya shekara arba'in yana kira ya ƙi fitowa.