Muryar Inna Tsakanin Gida Biyu

Daga Zongo har gadar Tokpa, babu wanda ya kai ni sanin waya. Haka nake faɗa a majalisa, kuma ko ƙarar waya na ji daga bayan katanga sai in gaya maka ƙirarta da shekarunta da ciwon da ke damunta.

Majalisarmu ta ƙofar shagon tela ta rabu biyu a shekarun nan. Manyan kamfanonin waya gida biyu ne, kowane da sistem ɗinsa, wato abin da ke tuƙa wayar daga ciki. Ni ne limamin gidan masu tsada. Limamin ɗaya gidan wani direban babbar mota ne, mutumin Djougou, mai taurin kai kamar jakin gishiri. Kullum muna musu har shayi ya huce. Da kamfanonin sun ji yadda nake kare nawa, da sun aiko mini da rawani.

Yayata tana sayar da atamfa a kasuwa. Wayarta ta ɗaya gidan ce, fuska a fashe, an ɗaure ta da roba. A cikinta akwai saƙonnin murya na Innarmu, Allah ya jiƙanta, waɗanda take aiko mata daga Agla kowace safiya a shekarunta na ƙarshe: addu'a, faɗa, tambayar ko an yi wa jikoki aski. Idan ciniki ya lafa, Yaya takan kara wayar a kunne ta saurara.

Na dame ta sai ta sauya gida.

"Auta, ƙyale ni da tsohuwata," in ji ta. Gemuna ya fara fari, amma har yau Auta nake a bakinta.

"Yaya, wannan ai gawa ce kike yawo da ita."

"Muryar Inna fa?"

"Har tarinta zan kwaso miki."

Da ƙyar ta yarda. Na kai tsohuwar wayar shagon musanya, na karɓo sabuwa ta namu gidan. Lambobi suka ƙaura, hotuna suka biyo. Muryar Inna ko ɗaya ba ta zo ba. Na koma shagon a kan zem, wato acaɓa, ina zungurar mai babur kamar shi ya yi laifin. Mai shagon ya ce ya riga ya goge tsohuwar, ya sayar wa wani matafiyi da ya nufi Nijar.

Kwana uku ina zagayen masu gyara. A Godomey na samu wani dattijo mai gilashi biyu a hanci, ya yi mini bayani kamar ɗan firamare. Saƙonnin suna ajiye a rumbun tsohon kamfanin, can inda ba mai gani. Sabuwar wayar ba ta da mabuɗin rumbun.

"To, a roƙe su mana, patron."

"Alhaji, gidajen nan biyu ba sa ga-maciji. Kowanne ƙofar shiga ya faɗaɗa, ta fita kuwa sai da rarrafe."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. A ƙasar nan, tun da aka buɗe siyasa, mutum yakan kwana a wannan jam'iyya ya wayi gari a waccan, da magoya bayansa da makaɗansa, ba wanda ya tare shi. Amma muryar tsohuwa ɗaya mai cewa "Allah ya yi albarka" ta kasa tsallaka tafin hannu, saboda wasu attajirai a bayan teku suna gaba. Su ke faɗan, mu ke kwasar ƙura, har muna yi musu tafi.

Dattijon ya ce hanya ɗaya ce: a samo waya ta tsohon gidan, a sa layin Yaya. Wanda na sani da ta ajiya kuwa direban nan ne. Na je na same shi yana wanke mota kusa da shagon tela.

"Liman, lafiya? Yau kai ne a masallacinmu?"

"Aro na zo."

"Ƙara faɗa, injin ya toshe mini kunne."

Sau uku na maimaita, a gaban tela, kafin ya ba ni.

Saƙonnin suka sauko, na ji Inna tana faɗan tsadar tumatir, hawaye ya zo mini. Sai dai ba duka ba. Rumbun ya daina karɓar ajiya watanni kafin rasuwarta, ba wanda ya lura. Na kwanakin jinya, waɗanda ta kira sunan kowa a ciki ta yafe masa, a jikin tsohuwar wayar kaɗai suke, kuma an goge.

Na kai wa Yaya a rumfarta. Ta saurari guda biyu, ta nemi na ƙarshen, ta rasa. Na shiga bayani da hannu da ƙafa, ina ɗora laifin a kan gabar kamfanoni, har na fara cewa duk da haka dai namu gidan ya fi tsaro.

Ta ninke turmin atamfa, ta ajiye, ba ta ko dube ni ba.

"Auta, cikin su biyun, wanne ya zo maka gaisuwar Inna?"