Keken Teloli da Bencin Ƙofar Shago

Bayan na ajiye aikin gwamnati, inda na ƙarar da ƙarfina ina zagaya ƙauyuka ina duba ƙungiyoyin gama kai, na zaci ni da taro mun rabu. Na koma gidana a Tarauni, na duƙufa ga karatun jarida da ban ruwan 'yan shuke-shukena. Ana nan, wata rana da hantsi, sai telan da ke mini ɗinki tun ina ofis ya yi sallama. Shi ne shugaban wata ƙungiyar teloli ta yankinmu, maza da mata, waɗanda suka haɗa ƙarfi suka sayi babban keken yi wa riguna aiki, irin wanda ya fi ƙarfin tela ɗaya.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "mun bi ƙa'ida. An ɗaga hannu, masu rinjaye suka ce a ajiye keken a shagona na Gyaɗi-Gyaɗi, domin wutar layinmu ta fi zama. To ga shi Madam ta ce fita za ta yi."

Na san Madam. 'Yar Kudancin Kaduna ce, maigidanta malamin makaranta, tana ɗinkin mata a Unguwar Gano, kuma da ita aka kafa ƙungiyar. Idan ta fita, matan da ta shigo da su ba za su zauna ba. Na tambaye shi dalilinta, ya ce haushin faɗuwa zaɓe ne kawai.

Ranar Asabar bayan la'asar na sa babbar rigata, na same su a wani ajin firamare da suka ara. Na gaya musu cewa ɗaga hannu yana ƙirga mutane ne, ba ya jin abin da ke ransu, kuma ƙungiyar da kowa ke da ikon ficewa daga cikinta ba ta rayuwa da rinjaye, sai da yarda. Saboda haka yau babu ɗaga hannu. Ƙananan teloli za su fara magana, manya su biyo baya, don na san idan Alhaji Shugaba ya fara, sauran za su ce yadda Alhaji ya ce. Sannan ba wanda zai mayar wa wani martani sai ya maimaita abin da wancan ya faɗa, har mai maganar ya ce haka ne.

Wani tela Bazazzagi, abokin wasan Shugaba, ya ce, "Baba, ashe a nan za mu yi sallar asuba. Yaushe Bakano ya taɓa sauraren wani?"

Aka yi dariya, aka fara. Da layi ya zo kan Madam, ta miƙe ta yi bayani cikin natsuwa. Ta ce a ƙofar shagon Alhaji akwai dogon benci, inda abokansa ke zama tun safe har magariba, suna shan shayi suna musun siyasa. Mace ta zo da ƙunshin atamfa, sai ta ratsa tsakanin gwiwoyinsu, tana durƙusawa tana gaida su ɗaya bayan ɗaya. Matan da take wa ɗinki kuwa suna son su zaɓi zanen aikin da idonsu, kuma ba za su shiga ta nan ba.

Shugaba ya yunƙura zai amsa, na ɗaga masa sandata. "Maimaita tukuna, Alhaji."

"Madam tana cewa Gyaɗi-Gyaɗi ta yi mata nisa."

"Haba Alhaji! Ni da nake zuwa Kantin Kwari saro yadi, nan da nan ne zai yi mini nisa?"

Ya gyara hula. "To, tana cewa kada a sa mata ranar aiki Lahadi."

"Wa ya ambaci Lahadi?"

"Ku kawo tef," in ji Bazazzagin, "a gwada kunnen Shugaba, da alama an ɗinke shi."

Shugaba mutumin kirki ne. Abin da ya faru shi ne, lokacin da take magana shi yana can yana shirya amsarsa. Na roƙi Madam ta sake, ta sake. A wannan karon ya maimaita daidai, yana kaiwa kan maganar benci muryarsa ta yi ƙasa. Nan take wata Hajiya daga Babban Giji, wadda ta ɗaga hannu tare da masu rinjaye, ta ce ita ma bencin ne ya hana ta zuwa, ta dai ji nauyin Alhaji ne ranar zaɓe.

Wani ya ce a mayar da keken shagon Madam. Ita da kanta ta ƙi, ta ce wutarsu sai ta ga dama. Wani ya ce a ɗauke bencin. Shugaba ya ce mutanen nan tare suka tashi, su suka yi masa jinyar mahaifinsa, kuma ba zai iya buɗe baki ya kore su ba. Na ce Madam ta maimaita. Ta maimaita shi tsaf a karo ɗaya, ta juyo ta dube ni kamar ɗalibar da ke jiran maki.

Daga nan maganar ta sauya. Ba a ƙara tambayar wa zai ci ba, sai ta yaya mata za su shiga, dattawa kuma su zauna. Hajiya ce ta tuna cewa shagon yana da ƙofar baya da ke fita lungu, wadda buhunan ƙyallaye suka toshe tun da daɗewa, ta ce a buɗe ta mata su riƙa bi ta nan. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya ko akwai wanda ba zai iya zama da wannan shawara ba. Babu. Muka tashi kafin kiran magariba.

Da mako ya zagayo na bi ta lungun. An share shi, an rataya labule, takalman mata sun cika bakin ƙofa. Madam tana kan keken, wata amarya da ƙawayenta sun kewaye ta suna gardama kan launin zare. Daga can gaba kuma muryoyin 'yan benci na tashi, ba su ma san abin da ake ciki ba.

Ta hango ni ta ce, "Baba, ka yi ɓatan kai. Nan ƙofar mata ce."

Na nemi gafara, na zagaya ta gaba, aka matsa mini a kan benci, aka zuba mini shayi.