Abin da ya sa na miƙa kofi da hagu

Na daɗe ina haɗiye wannan magana. Jiya na ga ana ta yi mini faɗa a ƙarƙashin bidiyon nan, wai na miƙa wa yarinya kofin gasa da hagu, ba tarbiyya. To ku saurara.

A shekarun casa'in ni ce ke buga wa jiharmu tanis. Har an zaɓe ni gasar ƙasa, sai wuyan hannuna na dama ya kumbura. Na ɗauka targaɗe ne, har ranar da raket ya suɓuce mini a fili.

A asibitin Jalingo aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya dubi mahaifiyata ya ce, "Mama, ciwon daji ne. Ku wuce babban asibiti, kada ku tsaya."

Inna Bafillatana ce, Hausarta sama-sama. Muna fita ta ce, "Ai na sani! Kullum tana shiga daji ɗauko ƙwallo, ga shi abin daji ya taɓa ta."

Wallahi ni ma haka na fahimta. Bayan filinmu akwai kurmi.

Sai garin Mutum Biyu, wurin mai maganin iska. Hayaƙi, shafe-shafe, damina ta wuce a kanmu. Hannu sai ƙara girma yake.

Da muka isa babban asibitin, likitan ya kwance tsumman da ke hannuna. Ya ce, "Ina kuka shiga? Da kun zo da wuri, da an ceci hannun."

Wata nas ta fassara wa Inna da Fillanci cewa cutar a cikin ƙashi take, ba ruwanta da kurmi. Inna ta zauna daɓas a ƙasa. Kalma ɗaya fa!

Aka yanke daga gwiwar hannu. Aka yi ta ƙarin ruwan magani, ga amai, gashi ya zube. Inna ta sayar da shanunta, ba ta taɓa ɗaga maganar ba.

Na warke, Alhamdulillahi. Na gode wa nas ɗin nan, Allah ya jiƙan Inna.

Don Allah, in likita ya faɗi sunan cuta, ku ce ya yi bayani da yaren da kuke ji. Kada kunya ta hana ku tambaya.

Yarinyar da kuka gani ɗalibata ce, da hagu na koya mata. Na damar kuma yana ƙarƙashin ƙasa, ya riga ni.