Mai Ƙarfe da Na'urar Yatsa

Shekara talatin da ɗoriya Baba Mai Ƙarfe ya yi yana sayen tsofaffin ƙarafa a wani fili bayan tashar mota. Kayan aikinsa biyu ne: sikeli, da maganaɗisun da ya ciro daga tsohuwar lasifika. Abin da ya manne baƙin ƙarfe ne, wanda ya ƙi kuwa tagulla ce ko dalma.

Hayaƙin ƙona wayoyin lantarki don ciro tagulla ne ya taɓa masa ƙirji. Da tari ya yi tsanani, 'yarsa ta biyu, ma'aikaciyar jinya, ta hana shi zuwa filin. Ta kawo masa wata 'yar na'ura mai kama da abin maƙale shanya, ta ɗana masa a yatsa. Jan haske ya kama, lamba ta fito: casa'in da ɗaya. 'Yar ta ce awon iskar da ke jininsa ke nan, kuma ya yi ƙasa.

"Ba allura?" in ji Baba.

"Babu, Baba. Haske ne ke ratsa yatsan. Jinin da ya ƙoshi da iska ja ne wur, wanda bai ƙoshi ba ya fi duhu. Ƙarfen da ke cikin jinin ne ke riƙe iskar."

"Ƙarfe? A jikina?"

Nan take ya sa aka miƙo masa maganaɗisunsa, ya ɗora a bayan hannu. Maganaɗisun ya sulale ya faɗi kan tabarma. Matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki.

'Yar ta ce jinin da ya sauke iskarsa yana ɗan karkata wajen maganaɗisu, amma kaɗan ne ƙwarai, sai ƙatuwar na'urar hoto ta asibiti ke iya ganewa.

"To, ni dai ba zan sayi wannan kayan ba," in ji shi.

Ya sha magani yadda aka ce, ya riƙa zagaya layi kowace safiya. Cikin wata biyu lambar ta hau casa'in da biyar. Ya bar wa ƙanensa filin, da sharaɗin a daina ƙona waya, a riƙa fere ta da wuƙa.

Yanzu a ƙofar gida yake zama. Tela da mai aski duk ya gwada yatsunsu. Matarsa ce ta daɗe tana ƙi, ran da ta yarda kuwa ta samu casa'in da takwas.

"Malam, na fi ka."

"Ai da surutu kike jan taki iskar," ya ce, ya matsa mata ta zauna a benci.