Ranar da Na Ƙi Riƙe Fim a Bagudo

A zamanin Turawa na koyi ɗaukar hoton haƙori, a babban asibitin lardinmu. Na riga na yi aure har da 'ya'ya biyu sa'ad da aka ɗauke ni daga wankin miki aka kai ni ɗakin likitan haƙori. Wanda ya koya mini aikin wani dattijo ne, tsohon soja, muna ce masa Baba.

Aikin ba shi da yawa, sai dai ba ya son ganganci. Fim ɗin ɗan ƙarami ne, bai kai tafin hannun jariri ba, a naɗe cikin takarda don kada haske ya taɓa shi. A sa shi cikin baki, bayan haƙorin da ke ciwo, a saita bakin na'ura daga waje ta kan kumatu. In ka karkatar da ita da yawa haƙori ya fito gajere, in ka kwantar da ita ya fito zalalo. Mai ciwo kuwa kada ya motsa har ƙarar na'ura ta ɗauke. Daga nan sai ɗakin duhu, a tsoma fim a ruwan magani na farko, a ɗauraye, a tsoma a na biyu, a rataye. Abin da ke da ƙarfi yakan fito fari. Inda ya ruɓe ko ya tara mugunya yakan fito baƙi.

Abu guda ne Baba ya koya mini ba da baki ba. Shekara da shekaru shi ke danne fim da yatsa a bakin mutane yayin da na'ura ke aiki. Yatsunsa biyu na dama sun bushe sun tsattsage, faratansu sun yi baƙi, ga wani miki da ya ƙi warkewa. Hasken na'urar ne ya ci su a hankali. Rannan na ga ya kasa ɗaura tazugensa, sai da na kama masa. Tun daga lokacin, in za mu ɗauki hoto, sai in nuna wa mai ciwo ya danne da nasa yatsan, tunda shi sau ɗaya zai yi, ni kuwa kullum ne. Ni in ja da baya, in laɓe bayan bango.

Da rani aka turo sabon likita, Bature, mai hanzari da saurin fushi. Aka ce mu fita rangadi. Muka loda kujera da na'ura da injin wuta a babbar mota, muka ƙetare kogin Kwara, muka sauka ɗakin shan magani na Bagudo. Ni ɗan Kaoje ne, don haka rabin waɗanda suka yi layi na san gidajensu. Zafi ya yi zafi, har sai da na sa kwalaben ruwan magani cikin randa, don in ruwan ya ɗumama hoto lalacewa yake yi.

Ran kasuwa da hantsi aka kawo wata tsohuwa kan jaki daga tsallaken iyaka, ƙasar da Faransa ke mulki. Kuncinta na hagu ya kumbura har ido ya kusa rufewa. Dandanci take ji, Hausarta kaɗan ce. Likita ya leƙa bakin, ya ga haƙori mai kogo, ya ce shi ne, amma a ɗauki hoto tukuna.

Na sa mata fim, na ɗora yatsanta a kai. Hannunta na rawa saboda zazzaɓi. Da na wanke hoton sai ya fito dishi-dishi, ba a gane komai. Likita ya ɗaga shi a taga, ya jefar a kwano.

Ya ce da Hausarsa mai gargada, "Sake. Kai ka riƙe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, zan sake, amma ba ni riƙewa."

Ya juyo ya dube ni. "Me ka ce?"

"Na ce ba ni sa yatsana. Ka ga hannun Baba da idonka."

Ya ce sau ɗaya ba ya yin komai. Na ce Baba ma da sau ɗaya ya fara. Fuskarsa ta yi ja. Ya ce mutum nawa ke jira a rana, ni ina gardama. Ya ce in ban riƙe ba, in ɗauka na bar aiki. Malamin ɗakin maganin ya matso yana raɗa mini, "Kai, mi kaka yi haka? Ba shi haƙuri mana." Amma na harɗe hannuwana a baya na ce a ba ni ɗan lokaci kaɗan, hoto zai fito.

Ban jira izini ba na fita. A bakin ƙofa akwai wani masunci da ya kawo ɗansa, da komarsa a kafaɗa. Na roƙe shi ɗan guntun icen nan marar nauyi da ke hana koma nitsewa. Na fere shi da wuƙa, na yi masa tsaga daidai kaurin fim, na bar wani ɗan leɓe na cizawa. Na tafasa shi a tukunyar kayan aiki, na saƙala sabon fim a tsagar. Likita na tsaye yana duban agogonsa.

Na durƙusa gaban tsohuwar, na yi mata magana da Dandancin da na tsinta a kasuwa. "Inna, ciji wannan. Kada ki motsa sai na ce. Ba zafi."

Ta ce, "Ɗana, kai za ka gudu ka bar ni da abin?"

Na ce, "Ina nan bayan ƙofa, kina jin muryata."

Ta ciza, ta runtse ido. Na saita na'ura, na fita, na danna, ina ta yi mata magana har ƙarar ta ɗauke.

Hoton ya fito tas. Haƙorin mai kogo saiwarsa lafiya lau. Na bayansa, wanda ido ke gani kamar ba abin da ya same shi, shi ne ke da baƙin tabo kamar ƙwayar wake a ƙarshen saiwa. Likita ya daɗe yana kallo. Ya yi mata allura, ya cire na bayan, mugunya ta biyo. Kafin la'asar tsohuwar ta sha kunu, jikanta da ya rako ta ya ɗora ta kan jaki suka kama hanya.

Likita bai sake ce mini in riƙe ba har muka gama rangadi, bai kuma yi mini magana ba sai ta aiki. Da muka koma ya rubuta takarda a kaina. Aka kira ni gaban babban likita, aka karanta mini laifina: ƙin bin umurni a gaban jama'a. Ya ce in rubuta ban-haƙuri, magana ta wuce. Na tambaye shi ko ban-haƙurin na nufin gobe in aka ce in riƙe zan riƙe. Ya ce umurni umurni ne. Na ce to, ba ni da abin rubutawa.

Aka cire ni daga ɗakin haƙori, aka tura ni ƙauye in koma wankin miki da rabon magani. Ban sake taɓa na'urar ba, kuma na yi kewarta ƙwarai, musamman lokacin nan da haƙori ke bayyana a hankali cikin ruwan magani. Sau biyu ana aiko mini cewa ƙofa a buɗe take in na rubuta takardar. Duka biyun na ba ɗan aiken ruwa ya sha, na raka shi bakin hanya.