Baƙin Ɗan Tsako a Cikin Jajaye

Ran wata Litinin da la'asar, cikin daminar 1964, shekarar da kowa ke zancen isowar jirgin ƙasa Maiduguri, Yaya Auwalu ya shigo gidanmu na Bulabulin da kwando a ka, yana taku ɗaiɗai kamar an ɗora masa tangaran. Ina tsugune bakin rariya ina wanke-wanke, sai na ga Baba, wanda ko gobara ba ta tayar da shi daga kan keken ɗinkinsa, ya baro zaure ya biyo shi har tsakar gida. Da aka buɗe kwandon sai ga kaji huɗu jajaye, zakara ɗaya da mata uku, ƙosassu, gashinsu na ƙyalli kamar an shafe su da man gyaɗa. Kajin Turawa ne. Malamin gona na makarantar su Yaya ne ya zaɓe shi ya ba shi kiwo, da sharaɗin kada jininsu ya gauraya da na kajin gida. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, kuma a wannan la'asar hassada ta shige ni har ƙashi.

Kafin zuwansu ni ce mai kaji a gidan. Ina da Durugu, 'yar gajeruwar kaza mai wake-wake wadda cikinta ke sharar ƙasa in tana tafiya, da zakarana Gatari, baƙi, ramamme, mai carar da nake rantsuwa ana jin ta har Konduga. Cikin kwana biyu aka manta da mu. Baba, da na shekara ina roƙo ya ɗinke mini aljihun rigar makaranta, shi da kansa ya kafa wa baƙin akurki mai ragar waya, har da 'yar ƙofa da sakata. Gatari kuwa aka ɗaure masa ƙafa da igiya a gindin darbejiyar bayan ɗaki, wai don kada ya lalata iri. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo kamar an yi haihuwa. Yaya ya koyi tsayuwa da hannu a ƙugu, in na matso sai ya ce, "Talatu, ja da baya, kada ki yi musu numfashi a ka." Da na samu dama da na yi musu tari ma.

Amma gimbiyoyin nan suna da aibi guda: ƙwai suke zubarwa kullum, manya, masu ruwan ƙasa, su yi tafiyarsu ko waiwaye babu. Ba su san kwanci ba. Ana cikin haka Durugu ta tara nata ƙwan a tsohon kasko cikin madafa ta kwanta a kai. Sai aka yi shawara, ba tare da an tambayi mai kaza ba, aka kwashe ƙwanta, Inna ta dafa, Yaya ya ci uku a gabana har da neman ƙarin gishiri. Sannan ya jera nasa goma sha biyu a kaskon, kowanne ya zana masa da'ira da gawayi, aka ɗora Durugu a kai. Wato kazata za ta yi kwana ashirin da ɗaya tana gasuwa, a ƙarshe a ce sannu Auwalu.

Abin da ba su sani ba, kafin Inna ta kwashe na riga na ɓoye ɗaya a tukunyar gero. Washegari da Yaya ya tafi makaranta, Durugu ta sauka shan ruwa, na ɗauko shi. Fari ne kuma ƙarami, don haka na shafe shi da jar ƙasa, na zana masa da'irar gawayi wadda ta fi ta Yaya kyau, na cusa shi tsakiya, na zare ɗaya daga nasa. Ban ji tsoron a gane ba, domin Durugu ta tsani Yaya kamar yadda ya kamata, ko yatsa ya miƙa sai ta sare shi, daga nesa yake leƙe ya ƙirga gawayi. Ƙwan Turawan kuwa na jefa shi cikin ruwan tuwo, na ɓare a bayan ɗaki kusa da Gatari. Na ɗauka zan ji zuma. Ƙwai ne kawai.

Ranar Larabar da aka ƙyanƙyashe gidanmu ya cika. 'Yan tsaki goma sha ɗaya suka fito jajaye-jajaye, kamar audugar da aka tsoma a miyar manja, sannan na sha biyu ya leƙo daga ƙarƙashin fiffike, baƙi ƙirin, ya fi kowa tsiwa. Dariya ta taso mini har sai da na ciji mayafina. Ya Fanna, tsohuwar maƙwabciyarmu Babarbariya, ta ɗaga shi ta juya, ta yi masa sannu da Barbarci, ta ce, "Wushe, Auwalu. Wannan ai ɗa ne da ubansa." Ta dube ni ta wutsiyar ido. Yaya ya yi tsaye yana kallon baƙin ɗan tsakon. A ganinsa Gatari ne ya kwance ya shiga akurkin, kuma in haka ne duk irin ya lalace, me zai gaya wa malaminsa? Baba bai tsawaita ba. Ya ce ran Juma'a in an sauko masallaci za a yanka zakaran. Nan dariyata ta koma ciki.

Kwana biyu na yi da maganar a maƙogwaro. Na kai wa Gatari gero har ya ƙoshi ya juya mini baya. Na gwada gaya wa Inna cewa naman tsohon zakara yana karya haƙori, ta ce za ta daɗe tana dafawa. Ran Juma'a Baba ya dawo, ya tuɓe babbar riga, ya wasa wuƙa a bakin turmi, ya take fukafukan Gatari da ƙafa ya fuskantar da shi gabas. Yaya na riƙe da buta. Gatari, da bai taɓa yin shiru ba tun da aka haife shi, ya yi tsit yana kallona da ido ɗaya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, ni ce! Ƙwan Durugu ne, ni na sa shi."

Baba ya ɗago, wuƙa a hannu. Yaya ya ce, "To ina nawa?"

Na ce, "Na cinye."

Inna ta toshe baki ta shige ɗaki, ina jin ta tana shaƙewa da dariya. Baba ya ɗaga ƙafarsa, Gatari ya zabura ya haye katanga, ya yi carar da ba a taɓa jin irinta da tsakar rana ba.

Ba a doke ni ba, kuma na so a ce dukan aka yi. Baba ya ce tunda na iya ungozoma, sai in yi raino. Ni ce ɓarza gero a dutsen niƙa, ni ce kwaɓa dussa, ni ce zuwa bakin suri da tsohuwar tukunya in kifa ta da karmami don in tara musu gara. Na zuba tsakuwa a kaskon ruwansu kada su nutse, na kifa musu kwando in hadari ya taso, na shafe su da galura saboda shirwa har tafin hannuna ya yi wata guda yana ja, 'yan ajinmu na tambayata bikin wa aka yi. Wasan gaɗa da 'yar carafke sai dai in jiyo daga waje. Ko ɗan tsako ɗaya bai mutu ba. Da malamin gona ya zo dubawa, ya dafa kafaɗar Yaya ya ce bai taɓa ganin yaro mai kula irinsa ba. Ina tsaye da jan hannuna a bayansu, na kusa haɗiye harshe.

Shekara biyar ke nan. Bara Yaya ya hau jirgin nan ya tafi Zariya karatun aikin gona, ya bar mini akurkin da duk abin da ke ciki. Ragar ta yi tsatsa ta ɓule, ban gyara ba, jikokin Gatari sun shiga sun fita yadda suka ga dama. Yanzu gidan cike yake da kaji jajaye masu gajerun ƙafafu, da baƙaƙe masu ƙiba, duk nawa ne, ba mai cewa in ja da baya. Wani lokaci in na watsa musu gero da la'asar sai in sami kaina ina duban ƙofar zaure, ko wani zai shigo da kwando a ka ya ɓata mini rai. Kiwon ya fi daɗi lokacin da akwai wanda nake jin haushinsa.