Tayar da Ta Fi Hanya Faɗi

Jama'a, a gyara zama, mai tari ya yi yanzu ya gama. Ga Sarkin Lungu, Gwamnan Kwana, direban da ya shekara goma sha huɗu yana tuƙi tayarsa ba ta taɓa taka kwalta ba. Kawuna ke nan, wanda kowa ke kira Ƙafa-Huɗu. Sunan daga abin hawansa ya samo shi, babur ɗin nan mai taya huɗu da ke ratsa taɓo da rairayi kamar an aike shi. Na lambun renon itatuwa ne inda yake aiki, amma ko maigidan lambun sai ka ji ya ce "babur ɗin Ƙafa-Huɗu".

Aikinsa janyo tankin ruwa da kwasar dashe zuwa bakin ƙofa inda masu saye ke jira. Lambun layi-layi ne, dubban 'yan itatuwa a baƙaƙen ledoji, tsakanin layi da layi siririyar hanya, a gefenta bututun ruwa a kwance. Hanyoyin nan shi ya fitar da su da hannunsa tun ana buɗe wurin. Sanda ya yanko daidai faɗin babur ɗin, ya ƙara yatsa huɗu ta kowane gefe, ya bi yana awo yana kafa turke. Saboda haka hanya da babur suka zama kamar riga da mai ita, tela ɗaya ya auna su. Idan ya shiga layi ko duba ƙasa ba ya yi. Yana tafe yana fito, ganye na shafar gwiwarsa.

Amininsa a duniya shi ne Mai-sito, mai riƙe da makullan ɗakin kaya, wanda ake aika gari sayen duk abin da ya ƙare. Kawu ne ya kawo shi aikin, ya tsaya masa gaban Maigida. Kwano ɗaya suke sa hannu da rana, a inuwar tanki. Ranar da ruwa ya cinye hanya matar Mai-sito na naƙuda, a bayan babur ɗin nan Kawu ya kai ta asibiti, ya dawo da taɓo har cikin kunne.

To, taya dai ba ƙarfe ba ce. Huɗun suka suɗe, suka yi sanƙo ya fi na Kawu, Maigida ya ce a sayo sababbi. Kawu bai yarda da rubutun hannunsa ba, don bakwai ɗinsa da ɗayansa 'yan uwa ne na jini. Sai ya ɗora takarda a gefen taya, inda lambobi suka taso, ya goga fensir a kai har suka fito ɓaro-ɓaro, ta gaba daban, ta baya daban.

"Mutumina, buɗe kunne," ya ce wa Mai-sito. "Lamba uku ce. Ta farko tsayin taya, ta biyu faɗinta, ta uku bakin wili. Ta tsakiyar nan ita ce raina. Gaba takwas, baya goma. Ko inci ɗaya kada ka ƙara."

"Haba, yau na fara zuwa gari? Sai ka ce za ka aiki yaro."

Da yamma ga Mai-sito da tayoyi huɗu masu manyan haƙora, kowace kamar an ba ta abinci na musamman. Kawu bai ko karanta lamba ba. Tafin hannu ya ɗora a kan ta baya, ya ɗago kai.

"Wannan sha biyu ce."

"Irin taka ta ƙare, sai bayan mako biyu. Mai shagon ya ce wannan ta fi riƙe ƙasa, bakin wilin ma ɗaya ne. Babba ai ba ya ɓaci."

"A hanyata yana ɓaci. Mayar masa."

Nan Mai-sito ya jawo shi bayan sito ya kama masa hannu biyu. Ashe don a yi masa ragi ya yarda ba mayarwa, kuma wata biyu da suka wuce ya taɓa sayo takin da ba shi ba, Maigida ya ce saura kuskure ɗaya. "Ka rufa min asiri, ɗan'uwa. Kai da ke tuƙi ido rufe? In wani abu ya faru, wallahi ni zan buɗe baki in ce laifina ne."

Kawu ya dubi tayoyin, ya dubi amininsa. Sannan ya ce, "Miƙo min jak in ɗaga babur ɗin mu ɗaura."

Kwana tara ya yi yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali. Fito ya ƙare. Yatsa huɗun da ya bari ta kowane gefe sun koma ɗaya da rabi, wuyansa har ya sage saboda leƙen tayar baya. Ma'aikata na yi masa tsiya wai tsufa ya zo, shi dai sai murmushi. Mai-sito kuwa kullum sai ya tura masa tsokar da ke cikin kwano.

Rana ta goma aka yi yayyafi da safe. Yana janye da tanki cike, ya zo kwanar layin mangwaron aure, dashen da aka shekara biyu ana reno, wanda wani mai gona ya riga ya kama zai ɗauka a makon. Ƙasa ta ɗan zame. Da tsohuwar taya ce da ya wuce da sauran wuri. Wannan kuwa haƙoranta suka cafki babban bututu, ji kake ɓas, ruwa ya yi sama. Babur ya karkace, tanki ya bi shi, suka kwanta a kan layi biyu.

Maigida ya zo ya tsaya cikin taɓon da takalminsa mai tsada. Ya dubi karyayyun dashe, ya dubi tayar, ya sa aka kira Mai-sito.

"Wa ya zaɓi wannan girman?"

Kawu ya juya ya dubi amininsa, hankalinsa kwance, irin kallon wanda ya san an yi masa rantsuwa.

Mai-sito ya gyara makullan da ke ƙugunsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya ba ni a takarda shi na kawo."

"Ina takardar?"

"Na bar ta a shagon."

Kawu ya tako gaba. Ya buɗe baki ya ce, "Maigida, sake tambayarsa." Maigida ya ce ba sai ya sake ba. "Ko ma wa ya sayo, wa ya ɗaura? Wa ya auna hanyoyin nan? Ka ga ta yi faɗi ka hau kwana tara ba ka gaya min ba?" Wannan kam gaskiya ce tsirara. Maigida ya miƙo tafin hannu. Kawu ya zare makulli daga babur ɗin da ke kwance ya ɗora masa.

Ba a kore shi ba, an duba shekarunsa. Baro aka ba shi. Bayan mako biyu tayoyi masu takwas da goma suka iso, Mai-sito da kansa ya sayo su daidai, don ashe lambobin suna cikin kansa tsaf. Wani sabon direba aka ɗauko, shi ke hawa yanzu, yana taka gefen layi ana cewa yana koyo. Da rana Mai-sito na cin abincinsa a cikin sito, ƙofa a rufe. Sau ɗaya ya tare Kawu a bakin famfo ya ce, "Ka san ina da yara shida." Kawu ya ce, "Na sani, ni na kai uwar na huɗun asibiti," ya ɗaga baronsa ya wuce.

Da na ji labarin, jinina ya tafasa. Na same shi yana loda ledoji a baro, na ce, "Kawu, bar ni da su! Rubutawa zan yi, baƙi da fari, duniya duk ta san wanda ya ci amanarka!"

Ya ɗora leda ta ƙarshe, ya karkaɗe hannu, ko kallona bai yi ba.

"Duniyar ce ke riƙe da makullin? Matsa in wuce."